KLR650 ko Ténéré 660: wanne ya fi dacewa da mai neman na hannu?

Duk mai sha'awar babban babur na doguwar tafiya, irin wanda zai bi kwalta da shi yau gobe ya sauka kan burji ko yashi, in dai kuɗinsa bai kai na sabo ba, da wuya ya gama yawon neman na hannu bai ci karo da waɗannan biyun ba: Kawasaki KLR650 da Yamaha XT660Z Ténéré. A takarda kamar Hassan da Usaini suke. Kowanne fistin ɗaya gare shi, kowanne da ruwa yake sanyaya inji, kowanne giya biyar, tankin kowanne lita 23 yake ci. Hatta tayoyinsu awo ɗaya ne, inci 21 a gaba, 17 a baya, kuma duk masu tiyub ne. Dillali zai ce maka duk ɗaya ne, ka ɗauki wanda launinsa ya yi maka. To ba ɗaya ba ne, kuma ranar da za ka gane bambancinsu ita ce ranar da babur ya tsaya maka a inda ba ka da kowa.

Ra'ayina tun farko shi ne Ténéré ya fi KLR kyawun ƙira, ya fi shi birki, ya fi shi tsimin mai, ya fi shi daɗin kallo. Amma KLR ya fi sauƙin zama da shi a ƙasarmu. Abin da zai raba maka gardama shi ne inda kake shan mai da kuma wanda zai riƙa kwance maka inji. KLR ɗin da nake magana a kai shi ne wanda aka ƙera daga 2008 zuwa 2018, don shi ne sa'an Ténéré ɗin da aka sayar a Turai daga 2008 zuwa 2016.

Asalinsu ma yana da tasiri a kan abin da za ka tarar. Kawasaki ya fito da KLR650 a 1987, ya yi shekara ashirin yana sayar da shi kusan ba canji, sai a 2008 ya sauya masa jiki da birki da shakazoba, inji kuwa ya bar shi kusan yadda yake. Babbar kasuwarsa Amurka ce da Kanada da Ostareliya, saboda haka wanda za ka gani a Legas ko Abuja galibi daga Amurka ya taso, sau da yawa ta hanyar gwanjon motocin da suka yi haɗari. Abu biyu ke nan da za ka riƙe. Na farko, mitarsa da mil take ƙirga, ba kilomita ba. In ka ga 30,000 a kanta, kilomita 48,000 ke nan babur ɗin ya ci, kada a yi maka wayo da wannan. Na biyu, ka ɗauka cewa ya taɓa faɗuwa mai tsanani har sai ka tabbatar da akasin haka. Shi kuwa Ténéré 660 ba a taɓa sayar da shi a Amurka ba. Ɗan Turai ne, kamfanin Minarelli na Italiya ne ya ƙera masa inji, kuma ta Kwatano ko Lome ko Legas yake shigo mana daga Faransa da Jamus da Italiya da maƙwabtansu. Mitarsa da kilomita take ƙirga, in ba daga Ingila ya zo ba. Cutar da ya fi zuwa da ita tsatsa ce, saboda gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Ka leƙa wayoyin ƙafarsa da wuyan salansa da notunan ƙarƙashi, nan tsatsar take ɓuya.

Sunan kansa yana jan hankalin mutanenmu, kuma da dalili. Hamadar Ténéré ce ta gabashin Agadas aka raɗa masa. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda aka kammala a Janairun 1979, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya lashe ta a kan Yamaha XT500, ya sake lashewa a 1980. A kan wannan farin jini Yamaha ya fitar da XT600Z Ténéré a 1983 da tanki mai lita 30. Tarihi ne na gaske, ni ma yana burge ni. Sai dai wanda kake shirin saya ba babur ɗin gasa ba ne. Babur ne na ɗan tafiya mai nauyin kilo 206 in an cika shi da mai, kuma a cikin yashi mai zurfi sai ya sa ka jiƙe da gumi kamar yadda KLR mai kilo 196 zai yi maka.

Yanzu ga batun da ya fi komai nauyi, wato mai. KLR kafireta gare shi, ƙirar Keihin, kuma mai da kansa yake gangarowa daga tanki, babu famfo. Ténéré injekta ne: akwai famfon lantarki a cikin tanki, akwai na'urori masu auna iska da zafi, akwai ƙwaƙwalwar da take lissafa yawan man da za a fesa. A inda mai yake da tsabta, injekta ya fi kafireta ta kowace fuska. Da asubar hunturu taɓawa ɗaya zai tashi ba tare da jan cok ba. In ka hau tsaunin Mambila, inda iska take da ƙarancin ƙarfi a tsayin mita 1,600, shi zai daidaita kansa, KLR kuwa za ka ji ya ɗan yi sanyi yana shan mai fiye da kima. Masu Ténéré sukan samu kilomita 20 zuwa 25 a lita, masu KLR kuma 18 zuwa 21, gwargwadon hannu da kaya. Bambancin kamar kaɗan ne, amma a lita 23 yana iya kai kilomita 60 ko 70. Tsakanin Damagaram da Agadas kusan kilomita 450 ne. Ténéré mai lafiya zai iya kusantar wannan da tanki ɗaya in an bi shi a hankali, mai KLR kuwa dole ya tsaya a Tanut ko ya ɗaura jarka. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan tsimin ya zama abin lissafi ko a cikin gari.

To amma wane mai muke sha? Wanda ya bar manyan hanyoyi ya san ba kullum ake samun gidan mai ba. Wajen 'yan bumburutu za ka tsaya, a zuba maka daga galan ko kwalba ta cikin mazurarin da ƙura ta kwanta a kai. Wani man ya kwana a jarkar da aka taɓa zuba kalanzir, wani kuma ruwa ya kwanta a ƙasansa. Ko a gidan mai ba a tsira ba, kowa yana tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, injuna da yawa suka lalace. In irin wannan mai ya shiga KLR, zai fara tari, silo ya ƙi zama, wataƙila ya mutu. Sai ka kwance ɗan sukurun da ke gindin kafireta ka zubar da abin da ya taru, ruwan zai fito ka gan shi da idonka a ƙasa. In abin ya fi haka, a cire kafiretar a wanke, a busa ƙananan ramukanta, a mayar. Bakaniken da ya saba da Bajaj da Jincheng zai iya wannan a gindin bishiya in kana tsaye kansa, abin da kawai za ka ja masa kunne a kai shi ne robar da ke saman kafiretar, mai laushi ce, in ta yage ko ba ta zauna daidai ba babur ba zai ja ba.

In man nan ya shiga Ténéré, tacin da ke bakin famfo ne zai fara toshewa, famfon ya riƙa wahala, in aka ci gaba da haka ya ƙone. Kuma famfon da ya mutu ba a lallaɓa shi. Dole a sauke tanki, a zaro shi, a nemo wani. Ba ina cewa famfon Yamaha rago ba ne, mutane sun zagaya duniya da wannan babur sun ratsa ƙasashen da man su bai fi namu kyau ba. Amma sun yi hakan ne da kula: suna tace mai kafin ya shiga tanki, ba sa barin tanki ya ƙafe tunda man ne yake sanyaya famfon, wasu har da famfon ko-ta-kwana a cikin kaya. In kai mutum ne mai irin wannan kula, injekta ba zai ba ka tsoro ba. In kuwa kai ne kake ba ƙani aron babur, ya dawo maka da shi da man da ba ka san inda ya sha ba, to ka yi tunani.

Dukansu babu kik, da batir suke tashi. Ana yawan cewa KLR ko batir ya mutu murus tura shi kawai za a yi, wannan gaskiya ne a kan tsohon ƙirar kafin 2008. Na 2008 zuwa sama wutar fuloginsa tana bukatar batir ya kasance da ɗan rai. Duk da haka ya fi Ténéré haƙuri da batir mai rauni, don shi Ténéré sai famfo ya juya ƙwaƙwalwa ta farka kafin a yi maganar tashi. Zafin Sakkwato da Maiduguri kuwa yana cin batir da wuri.

Sai ƙura. Matatar iskar KLR soso ce, ka cire ka wanke, ka shanya, ka shafa mata mai ka mayar, iyakar abin ke nan. Ta Ténéré ta takarda ce, in ta cika sai dai a canza, kuma a hunturu kan hanyar burji bayan tirela ba ta daɗewa. Akwai masu sayar da ta soso da ake sa masa a madadinta. In Ténéré ka saya, wannan ne abu na farko da zan ce ka yi oda.

Kada wannan ya sa ka ɗauka KLR ba shi da aibi. Yana da guda biyu sanannu, kuma duk a cikin inji suke. Na farko wani ɗan ƙarfe ne a ɓangaren hagu na injin, Amurkawa suna kiransa doohickey, da wannan sunan za ka neme shi. Aikinsa ɗame sarƙar da take juya ma'aunan rage jijjiga. A tsohon ƙira ƙarfen kansa yakan karye. A na 2008 zuwa sama an ƙarfafa shi, sai dai sifirin da yake jansa yakan saki da wuri, ya zama ba ya jan komai. Sarƙar ta yi sako-sako tana kaɗawa, in aka yi rashin sa'a ta tsallake ta yi ɓarna a cikin inji. Maganin sananne ne: a sa na kasuwa mai ƙwari da sifirin mai murɗawa, kuma da yawan masu KLR a Amurka sun riga sun yi wannan. Ka tambayi mai sayarwa, amma kada ka dogara da bakinsa, galibi shi ma bai sani ba. A buɗe murfin hagu a duba. Canza shi yana bukatar a zare babban maganaɗisun da ke kan kiranshaf, wannan kuwa da kayan aikinsa na musamman ake yi. Na roƙe ka kada ka bari a sa masa guduma da kurfi. Akwai kuma ɗan notin da ake sassautawa daga waje lokacin sabis don sifirin ya ja, sannan a ɗaure shi a hankali. Hannun da ya saba ɗaure noti da dukan ƙarfinsa yana iya lalata abin daga nan.

Aibi na biyu shan baƙin mai. Ƙirar 2008 da wasu na 2009 sun yi ƙaurin suna a kan wannan, saboda matsalar zobban fistin, musamman in an daɗe ana gudu mai yawa a kwalta. Hatsarin shi ne injin ba ya ɗaukar baƙin mai da yawa, kusan lita biyu da rabi ne, kuma sandunan da ke buɗe bawul kai tsaye suke kwance a kan alminiyon kan inji. In mai ya yi ƙasa, nan ne yake fara cinyewa, kan inji kuwa ba abin da za ka samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba ne. Wasu sun magance abin da babban fistin da ya mayar da girman injin cc 685. In ba a yi wannan ba, ni zan tsallake 2008 da 2009 gaba ɗaya. Na 2011 zuwa sama ya fi kwanciyar hankali, wanda aka fitar daga tsakiyar 2014 kuma ya fi duka, don an ƙara wa shakazobarsa ƙarfi an gyara masa wurin zama. Ko wanne ka samu, akwai ɗan gilashi a gefen dama na inji da yake nuna matakin mai. Ka mayar da duba shi al'ada duk lokacin da ka tsaya shan fetur.

Injin Ténéré kansa ba shi da irin wannan tabo. Shi ne a cikin XT660R da XT660X tun 2004, shi ne a MT-03 na 2006, har Aprilia ta sa shi a Pegaso, kuma an san shi da tsawon rai. A wajen saita bawul ma ya fi KLR sauƙi nesa ba kusa ba. Nasa da sukuru da noti ake saitawa kamar na ƙananan baburanmu, alhali na KLR wasu ƙananan faifan ƙarfe ne masu kauri daban-daban da sai an auna an yi odar wanda ya dace. Matsalolin Ténéré a gefen injin suke, kuma mafi girma a wurinmu makulli ne. Makullinsa yana da ɗan guntun lantarki a ciki wanda babur yake ganewa kafin ya tashi. Sabo yana zuwa da makulli uku, baƙaƙe biyu na yau da kullum, da ja guda ɗaya wanda da shi ake koya wa babur sabon makulli. In aka miƙo maka baƙi guda ɗaya tak aka ce sauran sun ɓace a jirgi, to ka sani ranar da wannan ya faɗi a kasuwa babur ɗinka ya zama kayan kallo. Mai yankan makulli zai yanka maka wanda zai juya, amma inji ba zai amsa ba, sai an canza tsarin gaba ɗaya ko an samu ƙwararren mai gyaran ƙwaƙwalwa. Ténéré da babu jan makulli ko dai ka bar shi, ko a rage maka kuɗi sosai. Kuma babur mai makulli ɗaya da takardu marasa tsabta ya kamata ya sa ka tambayi kanka ta yaya ya bar hannun mai shi na farko.

Abu na biyu da yake cutar da Ténéré a hannun wanda bai san shi ba shi ne canjin baƙin mai. Mansa ba a gindin inji kawai yake taruwa ba, akwai ma'ajinsa a cikin firam, sandar aunawa kuma tana can sama kusa da wuyan babur. In aka auna da inji a sanyaye, sandar takan nuna kamar babu mai, sai bakanike ya kama ɗura masa har ya wuce kima, daga baya ka ga mai yana tsattsafowa ta akwatin iska. Ƙa'idar ita ce a tayar da inji ya yi zafi, a kashe, a tsayar da babur a miƙe sannan a auna. Wurin zubar da tsohon mai ma biyu ne, ɗaya a inji ɗaya a firam. Wanda ya kwance ɗaya ya bar ɗaya, rabin aiki ya yi. Sauran ƙanana ne. Robobin da ke cikin cibiyar ƙafar baya suna saurin cinyewa. Ka kama babban haƙorin sarƙa ka jijjiga shi gaba da baya, in yana wasa sun tafi, kuma mutane sukan cusa yankakken tsohon tiyub a tsakani su ƙara musu kwana. A na farko-farko soket ɗin na'urar cajin batir yakan yi zafi ya narke, ka zare shi ka duba ko ya yi baƙi. Sannan a ƙaramin gudu yana da fizga, ba ya son a ja shi ƙasa-ƙasa a babbar giya, abin da za ka ji sosai a cunkoson Kano.

A kan hanya kuwa Ténéré ne gaba. Ƙarfin dokinsa 48, na KLR bai wuce 40 da 'yan kai ba. Ba wanda za ka yi tsere da shi a cikinsu, dukansu sun fi sakewa a kilomita 100 zuwa 110 a awa, kuma dukansu za su sa tafin hannunka ya yi zugi bayan doguwar tafiya. Inda tazarar take da faɗi birki ne. Ténéré faifai biyu gare shi a gaba, KLR ɗaya. A hanyar da akuya ko ɗan Adaidaita zai iya faɗo maka ba sallama, da goyo a baya da kaya a gefe, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne dalili mafi ƙarfi da zai sa in ce wa mutum ya ɗauki Yamaha. Shakazobar KLR ta kafin 2014 tana da laushi ƙwarai, da ka taka birki sai gaba ya nutse, a gargada da kaya kuma tana kaiwa ƙarshe. Shi kuwa KLR ya fi faɗin wurin zama da kariyar iska, wanda aka goya ma ya fi jin daɗinsa.

Dukansu dogaye ne, milimita 890 na KLR, 895 na Ténéré, amma Ténéré ya fi jin tsawo saboda nauyinsa a sama yake, ga tanki ga salansa a ƙarƙashin wurin zama. In ba ka da tsawo, ka hau ka gwada sauke ƙafa kafin ka yi ciniki, kada kunya ta hana ka. Akwai Ténéré mai birkin ABS, wato wanda ba ya barin taya ta kulle, da ya fito a 2011, an rage masa tsawo zuwa 865, amma an rage tafiyar shakazobarsa kuma ya ƙara nauyi. Ga mai yawan bin kwalta wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai shiga daji kuwa na asalin ya fi.

Faɗuwa dole ce ga mai bin yashi. Yamaha ya yi tunanin wannan, ya sa wasu robobi masu tauri a gefen tanki da suke karɓar bugu, masu sauƙin canzawa, sai dai famfon ruwan da ke gefen dama a fili yake, yana son kariya. KLR na 2008 zuwa sama robar jikinsa faɗi gare ta kuma tana fashewa, lagiretonsa na gefen hagu yakan lanƙwashe a faɗuwa ɗaya. Kowannensu yana bukatar ƙarfen kariya a gefe da farantin alminiyo a ƙarƙashin inji. In ka samu wanda an riga an ɗaura masa, kuɗi ne ka tsira da su.

Kayan gyara, gaskiyar magana, babu wanda za ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa ka ɗauko a kan kanta. Boris da sarƙa mai lamba 520 da fulogi da batir za a iya harhaɗawa a kasuwar Ladipo ta Legas ko a Nnewi, tayar baya mai inci 17 ma sai an nema. Abin da ya wuce haka oda ne. A nan KLR yana da fifiko, don shekara fiye da talatin da aka yi ana sayar da shi ta sa kayansa sun yi yawa a Amurka, sabo da na hannu, da araha, kuma kusan babu gyaran da ba za ka samu bidiyonsa a YouTube ba ka nuna wa bakanikenka. Na Ténéré daga Turai suke zuwa kuma sun fi tsada. Wanda yake Yamai ko Maraɗi, mai ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam, lissafinsa zai iya juyewa, Yamaha ya fi masa kusa.

Kafin ka biya, ka san dokar inda za ka hau. An hana babur a Maiduguri a Yulin 2011, an hana a yankin Diffa a 2015, an hana a sassan Tillaberi a farkon 2020, jihohin arewa maso yamma kuma sun sha sa dokoki iri-iri saboda 'yan bindiga. Dokokin suna canzawa, ka bincika na yanzu. Babban babur yana jan idon jami'an tsaro a kowane shinge, don haka takardar kwastan ta zama ta gaske, lambar firam da ta inji su dace da abin da ke rubuce, ka karanta su da idonka harafi bayan harafi.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyinsa. Inji mai ciwo a sanyi yake tona kansa. Ka tsaya bayan salansa ka ga ko shuɗin hayaƙi zai fito. Ka bar shi a silo har fankar lagireto ta kama da kanta, in ba ta kama ba kada ka yarda da wani bayani, a watan Afrilu wannan fankar ce ran injin. Ka buɗe tanki ka haska tocila, na KLR ƙarfe ne yana tsatsa. Ka tsaya daga gaba ka duba ko ƙafar gaba da ta baya suna layi ɗaya, ka nemi sabon fenti ko walda a wuyan firam. Firam da aka miƙar da wuta ba abin saya ba ne ko nawa aka rage.

In an ajiye mini su biyu masu lafiya iri ɗaya, ni da nake yawan barin kwalta ina shan mai inda na samu, KLR na 2014 zuwa 2018 zan ɗauka, in canza masa ɗan ƙarfen nan tun makon farko, in sa masa tiyon birki mai saƙar ƙarfe da takalman birki masu kyau. Wanda tafiyarsa Abuja zuwa Jos ce ko Kano zuwa Katsina, yana shan mai a gidan man da ya yarda da shi, yana da mai gyaran da ya san injekta, kuma ƙafarsa tana kaiwa ƙasa, Ténéré zai fi faranta masa, kuma zai fi tsayar da shi lafiya ranar da abu ya gitta. In kuwa zaɓin tsakanin KLR na 2008 mai hayaƙi ne da Ténéré mai makullansa uku da takardun sabis, to duk abin da na faɗa a kan kafireta ka ajiye shi gefe, ka ɗauki Yamaha. Ko wanne ne, kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan sayen. Ka ware na sababbin tayoyi da tiyub masu kauri, da sarƙa da haƙoranta, da canjin ruwan lagireto da man birki, da hular kwano ta gaske, don babur ɗin da ya shekara goma ko fiye, ya kuma yi watanni a kwantena, zai nemi duk waɗannan kafin ka fita da shi bayan gari.